Kaluluwar Zubaida

Rahamatu ta dawo daga barkar haihuwa ta tarar da wanzami a tsakar gidanta, ya baje zabira yana wasa aska. 'Yarta Zubaida, mai shekara shida, tana kan cinyar kakarta Inna Amarya, an karkata mata wuya. Kaluluwar da ta fito mata a ƙasan kunne ta yi tudu kamar ɗan goro.

Wato dama jira ake ta sa ƙafa waje a tsaga wa yarinya wuya. Ran Rahamatu ya yi mummunan ɓaci.

"Inna, ku gafarce ni, amma aska ba za ta taɓa wuyan nan ba."

"Mataccen jini ne," in ji tsohuwar. "Ubanta ma haka aka yi masa, ga shi nan da ransa."

Rahamatu ta haɗiye amsar, don da ta fito, da auren ya mutu a ranar. Ta sunkuci 'yarta, ta tare mai babur, sai asibitin Babura. Duk tsawon hanya ba wanda ta ƙyale a zuciyarta: surukar, wanzamin, har mijinta Sabiru, ƙato guda mai ɗaga buhun gero amma ba ya iya ce wa uwarsa a'a. Mutanen da ba su san ciwon yaro ba ke nan.

Ma'aikaciyar jinya ta taɓa kumburin a hankali.

"Kaluluwa ba ita ce ciwon ba, alama ce," ta ce. "Makogwaro kan jawo ta, ko haƙori, ko ƙurji a ka, wani lokaci har tarin fuka. Bari mu nemo tushen."

Ta leƙa baki, lafiya lau. Ta zame ɗankwalin yarinyar. Kitso ne ƙanana, an ja su tamau har fatar kai tana sheƙi. Ta tsefe guda ɗaya a bayan kunne, sai ga miki yana fitar da mugunya.

"Wace marar imani ce ta yi wa yarinya wannan kitso?"

Rahamatu ta dubi hannayenta. Kaf unguwarsu an san kitsonta ba ya saki da wuri, abin da take tinƙaho da shi ke nan. Fushin yana nan a ƙirjinta, ta rasa wanda za ta sauke wa.

Zubaida ta ɗago kai ta dube ta.

"Umma, ai na ce miki da zafi, kika ƙwanƙwashe ni da mataji."