Gonar da ke Cikin Na'ura

Barnaba ya kama ɗaki a zauren gidan Malam Maiwada, kusa da tashar Tasawa, ya kafa na'urar wasan da ya sayo. Faifai ne mai ɗan zurfi kamar babban kasko, mai santsi. Mutum zai sa takalma na musamman, a ɗaure masa ɗamara a ƙugu, a rufe masa idanu da wani ƙaton tabarau. In ya taka, cikin wasan ma ya taka; in ya duƙa, ya duƙa; in ya ruga, ya ruga, alhali yana nan inda yake.

Ba a jima ba maƙwabta suka kai ƙara. Wai samari na gudu wuri ɗaya suna kai wa iska naushi kamar masu bori. Malam Maiwada, manomi ne da ya tsufa a gonakin Korgom, ba ya yanke hukunci da ji. Ya aiko cewa zai zo ya hau da kansa. In abin bai yi masa ba, Barnaba ya kwashe kayansa. Barnaba kuwa ba shi da wani ɗaki mai kuran, wato wutar lantarki, da zai koma.

Bayan la'asar tsohon ya iso, samari suka cika ƙofa.

"Baba, riƙe ƙarfen nan har ƙafarka ta saba," in ji Barnaba yana ɗaure masa ɗamara.

"Na hau raƙumi ba sirdi, ɗana. Kasko ne zai kada ni?"

Barnaba ya zaɓi wasa mafi sauƙi, wanda ba faɗa: a tashi daga bakin rafi a kai wata hasumiya kafin lokaci ya ƙare. Abin da tsohon ke gani yana fitowa a tele, kowa na kallo. Da farko ya yi ta dabur-dabur, sannan ya miƙe da irin tafiyar mai zuwa cin kasuwa. Yana cikin tafiya sai ya tsaya cak. Gabansa gona ce kore shar, hasumiyar na can bayanta.

"Ratsa, Baba! Ratsa!" Mas'udu, gwanin wasan, ya ɗaga murya. "Nan ce hanyar!"

Malam Maiwada ya duƙa ya duba shukar da kyau. Ya miƙe, ya juya hagu, ya bi iyaka sannu, yana ɗaga ƙafa kada ya taɓa kunyar gefe. Bai kai rabi ba lokaci ya ƙare. Samari suka fashe da dariya. Barnaba dai bai yi ba.

Da aka cire masa tabarau, tsohon ya share zufa da bakin rawani.

"Barnaba, ta cikin shukar nan suke bi kullum?"

Barnaba ya so ya kauce, amma bai ga ta inda zai bi ba. "E, Baba. In ba a ratsa ba, ba a kaiwa."

"Gonar wa ce?"

"Ba ta kowa ba ce. Hoto ne kawai."

"Ido ya san hoto ne. Ƙafa ba ta sani ba. Ni ma da ƙafafuna na taka, ga zufa. Abin da ƙafar Mas'udu ta saba a nan, shi za ta yi in damina ta faɗi ya ga gonata tsakaninsa da filin ƙwallo."

"Haba Baba, ni?" in ji Mas'udu.

"Kai fa, mai doguwar ƙafa."

Barnaba ya sunkuyar da kai, ya fara tunanin amalanken da zai kwashe masa kaya. Tsohon ya zauna bisa benci yana kwance takalman.

"Ba bori ba ne, na gani, zan gaya wa maƙwabta. Ɗakin kuma yana hannunka. Amma duk wanda ya taka shuka, ka sauke shi, ranar ya gama."

"Baba, in sun bi iyaka ai ba wanda zai ci."

"Sai su ƙara sauri," in ji Malam Maiwada, ya miƙa wa Mas'udu takalman.