Muryar Baba a Baranda

…ta sake ɗaukewa. Kai, wannan kwamfuta! Fankarta na ta gurnani kamar tsohon injin niƙa, ƙasanta zafi zau har cinyata ta yi ja, sai ɗif — allo ya yi baƙi. Saura ƙiris fa bidiyon ya gama haɗuwa, ƙiris! Kuma da la'asar ɗin nan ake taron tunawa da kai a zauren coci, Baba. Dangi za su zauna da kofi da burodin kirfa, suna jiran ni Tuulikki in kunna musu muryarka, muryar Aulis ɗinsu. Ni na ce zan yi. Wa ya aike ni?

Na ɗora ta kan littattafai don iska ta ratsa ta ƙasa. Na hura ramukan da baki, ƙura ta cika min ido. Na rufe duk abin da ke buɗe a cikinta… a banza. Ka sha gaya min in daina ajiye ta kan bargo, wai numfashi nake toshe mata — to na ji, na ji! Yanzu ne lokacin faɗa?

A bidiyon kana cikin kwalekwale a tafki, hula a karkace, kana waƙar nan da ba ka taɓa riƙe baitinta na biyu ba, kana dariya kana cikewa da na ƙarya… A cikin wannan kwamfutar kaɗai muryar nan take. Wayar da na ɗauke ka da ita tuni tana ƙasan ruwa.

Shi kuwa Yaya Reijo, a waya, baki cike da abinci: "Ke dai akwai son wahala. Fitar da ita baranda mana! Mu da Mama ta riƙa kwantarwa a waje cikin sanyi muna jarirai, me ya same mu?" Me ya same ka? Kai da ko hoto ɗaya ba ka turo ba, sai shawara daga nesa. Haushi kamar in yi ihu.

Amma ga ni a barandar. Na share dusar ƙanƙara daga kan kujera, na ajiye ta kusa da tukunyar miyar kifin da ta daskare tun jiya. Maƙwabciya can ta turo keken jaririnta waje, yana ta barcinsa. Yatsuna sun ƙage. Kunna… tsaya… ka ji? Fankar ta yi laushi. Layin haɗa bidiyon a allo yana tafiya, yana tafiya — kar ka tsaya, don Allah kar ka tsaya — asibiti, hannunka sanyi ƙalau, nas tana cewa in fita in sha iska, ni kuwa ƙafata ta ƙi — ya cika! Ya gama! Reijo, ashe kana da rana.

Batir ya yi ja? Yanzu-yanzu? Sanyi ya shanye shi, ta mutu. Ba komai, aiki ya riga ya kammala, in sa caji in kwafe a filashi, shi ke nan. Ciki, da gudu. Kicin ɗumi, dankali na tafasa, tururi har sama. Soket… waya… danna.

Ba na ganin komai. Tabarauna ya yi fari fat, kamar kullum in na shigo daga sanyi. Bari in goge da gefen riga… Kwamfutar ma ta jiƙe? Murfin, madannan, duk raɓa, kamar kwalbar da aka ciro daga firji. Wata 'yar ƙara — tas — sai wari, warin roba da ta ƙone.

In wajenta ya jiƙe haka, to cikinta fa?

Na danna. Na riga na danna, Baba… Reijo ya zo ɗaukata, yana ta hon a ƙasa, baƙar rigata na rataye a jikin ƙofa, ni kuma ina tsaye ina goge allo da hannun riga, ina gogewa, ina gogewa…