Baƙi Su Tashi

A cocin da Édouard ke zuwa a Garwa akwai wata al'ada: kafin addu'ar rufewa fasto kan ce baƙi su tashi, kowa ya faɗi sunansa da garinsu, sannan gida ɗaya ya kai su cin abincin rana. Édouard bai taɓa zama ya ji wannan ba. Ɗan sandan shige da fice ne, shekara ashirin yana duba takardun mutane har sun ishe shi, saboda haka da an zo gaisuwar baƙi sai ya sulale waje wai zai duba babur ɗinsa. Abin da bai ji ba ba zai kai rahotonsa ba. Babur ɗin nan ya sha dubawa, kuma lafiyarsa ƙalau.

Ran nan matarsa Denise ta riƙe masa hannun riga.

"Yau mu ke da baƙi, Baban yara. Zauna."

Wani dattijo ya miƙe, ya ce sunansa Dawuda, daga Michika ta Najeriya. Ya ƙara da abin da ba a tambaye shi ba: ta daji ya shigo, wata bakwai ke nan, kuma ba shi da ko takarda ɗaya. Édouard ya san dokar: a tsare mutum, sai sansanin 'yan gudun hijira ko a mayar da shi bakin iyaka.

A gida Denise ta ajiye tuwo da miyar yakuwa. Édouard ya kasa ci.

"Baba, ka san aikina?"

"Na sani, ɗana. Mako uku ina zaune ina kallon fitarka."

"To don me?"

"Na gaji da ɓuya. Kullum na ga kaki sai in canza hanya. Na ce gara ɗan'uwa a cikin Almasihu ya kai ni da a tsince ni a hanya."

Édouard ya so ya ce bai ji komai ba, amma mutum ɗari biyu sun ga ya ji. Littafi ɗaya ne ya ce masa ya ƙaunaci baƙo, ya kuma ce ya bi masu mulki, shi kuwa ya gaji da raba kansa biyu.

"Ci abinci tukuna, Baba," ya ce.

Ranar Litinin ya goya shi a babur zuwa ofis. Ya roƙi komiser, shugaban ofishinsu, har bakinsa ya bushe. An saurare shi, aka ce doka ce, aka sa Dawuda a motar da ke zuwa iyaka.

Lahadin da ta biyo baya Édouard bai fita duba babur ba. Ya ƙirga sababbin fuskoki huɗu a kujerun baya. Fasto ya ce baƙi su tashi, ya jira, ya sake faɗa. Babu wanda ya motsa.