Gilasan Dakta Ikilima

Malama Asiya ce ta yi ta zarya jami'a har aka turo Dakta Ikilima da madubin likita mai girmama ƙananan abubuwa zuwa makarantar 'yan mata da ke bayan Makoɗa. Aikin ba wuya. Yarinya ta kankaro cikin kumatunta da tsinken sakace, a shafa a ɗan gilashi, a ɗiga shuni, sai ta leƙa ta ga ƙwayoyin da aka gina namanta da su. Aji ya kaure da salati.

To, magana a ƙauye ba ta jiran mota. Kafin azahar labari ya kai gonaki cewa baƙi na tara yawun yara a akwati. A garin da ko farce aka yanke sai an binne don gudun sammu, wannan ba wasa ba ne.

Malam Tahir, mai makarantar allo, ya tsaya a bakin aji, magidanta na bayansa da fatanyu a kafaɗa. Asiya ta san in ya janye 'yarsa Aina'u, gobe sai ta koyar da bencina.

Malam bai ɗaga murya ba. Ya ce a ba shi gilashin 'yarsa kawai.

Dakta ta duba akwati, ta ce ai ba a rubuta suna ba, duk sun cakuɗe. Wai wankewa za ta yi ta kai wata makaranta gobe. Gara ma da ta yi shiru. Aka fara gunaguni, wani ya matso.

"Naman ɗiyan mutane za ki wanke a kwata, Hajiya?" in ji Malam.

Asiya ta miƙa hannu ta ɗauke akwatin. Dakta ta raɗa mata cewa kayan jami'a ne, in suka salwanta ba za a ƙara turo kowa ba. Asiya ta ji sarai, kuma abin ya yi mata ciwo.

"Baba, a ara mini fartanya," ta ce.

A gindin darbejiya aka binne gilasan duka. Malam ya shafa fatiha, ya ce yara su koma aji.

Motar jami'a na tashi, Aina'u ta matso kusa da Asiya.

"Malama, ni fa layin leƙawa bai zo kaina ba. Yaya nawa naman yake?"