Ranar da Dutsen Sidi Ya Ƙi Niƙa

A unguwar fatake ta Tasawa kowa ya san dutsen Sidi, ko da yake babu dutse a jikinsa ko na magani. Wani abu ne na tagulla, dogo, tsawonsa bai cika kamu ɗaya ba, da hannu a samansa da ake juyawa. A zuba soyayyiyar gahawa ta sama, a juya hannun, gari ya taru a wani ɗan ƙoƙo da ke ƙasa. Mutanen unguwa sun ga yana niƙa suka ce dutse ne, magana ta ƙare. Sidi ya zo da shi daga Gadamas, garinsu can bayan hamada, tun yana saurayi mai bin ayari. Ya sauka Tasawa da niyyar ya huta ya wuce Kano, sai ya ga Zara'u. Har yau Kano tana jiransa.

Yanzu ya tsufa, idanu sun tafi, fatauci ya tsaya. Abu biyu suka rage masa na garinsu, wato dutsen nan da ƙanensa Iliyasu, wanda yake aiko masa da jakar gahawa kowace shekara ta hannun ayari. Kullum da hantsi Zara'u takan niƙa, ta dafa da citta da kanumfari, ta miƙa masa. Ya kurɓa, ya ce Allah ya ja kwanan Iliyasu, ita kuma ta ce amin.

Iliyasu kuwa damina uku ke nan da rasuwarsa, kuma duk garin Zara'u kaɗai ta sani. Madugun da ya kawo jaka ta ƙarshe shi ya kawo labarin, a lokacin Sidi yana kwance cikin zazzaɓin da ya tafi da idanunsa. Ta roƙi madugu ya yi shiru, ta ce ita za ta faɗa masa in ya tashi. Madugu ya wuce kudu, hanyar arewa kuma ta lalace, bai sake dawowa ba. Da Sidi ya tashi, sai ya tashi makaho, ta ce bari ya ɗan saba da duhun tukuna. Da ya saba, sai ta ga ba abin da yake sa shi murmushi sai kofin nan da sunan ƙanensa, ta kasa. Ba muguwa ba ce, tausayi ne ya yi mata yawa, daga baya kuma tsoro ya hau kan tausayin.

Da gahawa ta fara ƙasa a jaka, wata Buzuwa mai sayar da dabino ta koya mata dabara. A wanke ƙwallon dabino, a shanya, a soya shi a kasko har ya yi baƙi ya yi gautsi, a farfasa a turmi, sa'an nan a niƙa. Zara'u ta fara da kaɗan-kaɗan cikin gahawar gaske, tana ƙara citta, har ranar da babu ko ƙwayar gahawa a ciki. Zazzaɓin da ya ci idanun Sidi ya taɓa masa harshe, bai ce komai ba. Duk shekara in Buzaye sun sauka da gishiri sai ta ce an ba su saƙo daga Agadas, Iliyasu yana gaisuwa.

Ranar da abin ya faru damina ta yi nisa, itace duk ya jiƙe. Zara'u tana cikin suya Barira maƙwabciyarta ta shigo ɗiban wuta. Barira mutuniyar kirki ce, sai dai abin da idonta ya gani da hantsi, kafin azahar an ji shi a bakin rijiya. Zara'u ta yi maza ta sauke kasko ta rufe da faifai, ta tsaya ana gaishe-gaishe har kaskon ya huce. Da baƙuwa ta fita ba ta mai da shi wuta ba, don rana ta ɗaga, Sidi yana jira. Ta farfasa a gurguje, ta zuba a dutse, ta juya. Hannun ya zaga 'yan zagaye, ya yi ƙas, ya tsaya cik.

Ta juya hannun baya, bai motsa ba. Ta juye abin da ke ciki ta ɓoye a ƙarƙashin faifai, ta sa tsinken tsintsiya ta tsokala, ta busa, ta bubbuga shi a gefen turmi. Har man shanu ta ɗiga masa, don a saninta duk abin da ya ƙi motsi mai yake so. Hannun yana nan inda yake.

Sidi yana zaune a ƙofar ɗaki a kan buzunsa. Mutumin da ba ya gani ba abin da ke wuce kunnensa, ya ji niƙa ta tsaya, ya ji bugun turmi.

"Zara'u, mi kike bugu haka?"

Ta ce dutsen ne ya ɗan cije, bari ta kai wa Namadi maƙeri ya duba. Sidi ya ce Namadi maƙerin baƙi ne, ɗan gatari da hauya, in ya ɗora wa abin nan guduma sau ɗaya sai dai a yi wa jikoki ƙarau da shi. Ta ce to a bari sai gobe, yau ya sha kunu. Ya ce shekara nawa yana kwance abin nan yana ɗaurawa, tun ba ta san sunan gahawa ba, kuma ba da ido yake yi ba ko a da. Ya miƙo hannu. Ba yadda ta iya, ta sa masa a tafi, ta durƙusa gefe.

Ya fara da hannun. Ya zare shi, ya shafa kan sandar ƙarfen da hannun yake kamawa, ya ce wani lokaci nan ke cinyewa sai hannu ya riƙa zamewa. Ya mayar ya gwada, ya ce a'a, yana kamawa sarai. Ya kai abin hanci, ya yi tsaki, ya tambaya wa ya sa masa man shanu. Ta ce ita ce. Ya ce wannan ba ƙafar jariri ba ce, mai yana haɗuwa da gari ya zama laka, kada ta ƙara. Ta ce ba ta ƙarawa.

Daga nan ya ce mai yiwuwa raɓar damina ce ta sa gari ya daskare. Ya sa ta ajiye shi a rana a kan murfin tukunya. Zara'u ta ji sanyi a ranta, ta ce lalle damina ce, ai ko gishiri ya jiƙe a ɗaki. Suka zauna suna jira yana ba ta labarin wata shekara da yashi ya shige cikin dutsen a hanyar Ghat, ya kwana yana fitarwa da gashin kaza. Ita dai addu'a take Allah ya sa rana ta yi abin da tsinke bai yi ba. Da tagullar ta yi zafi ta kawo masa, ya bubbuga da tafin hannu, ɗan gari ya zubo, ya juya. Shiru.

Sai ya cire ƙoƙon ƙasa. A gindin sandar akwai wani ɗan dunƙulen ƙarfe da ake murɗawa, in an matse gari ya yi laushi, in an sassauta ya fito da tsaki-tsaki. Ya ce wataƙila ta matse shi da yawa haƙoran sun haɗu. Ta ce haka ne, jiya ta taɓa shi. Ba ta taɓa ba. Ya sassauta har ya kusa fita, ya juya hannun, ya ɗan motsa kamar faɗin farce ya sake tsayawa. Sidi ya karkata kai, ya maimaita, yana saurare.

"Akwai abu cikin haƙoranshi. Ba ni 'yar wuƙata."

Nan ne Zara'u ta tuna tana da tukunya a wuta, ta tuna akuya ba ta sha ruwa ba, ta tuna wuƙar ma kamar an ara. Ya ce tana cikin jakar fata a bayan ƙofa inda take kullum. Ta ɗauko. Ta yi tunanin ta saki abin cikin rijiya, ta yi tunanin ta ce ciki ya murɗe mata, amma dutsen yana cinyarsa, kuma duk abin da za ta yi yanzu ƙara tona kanta ne. Ta zauna ta zuba wa yatsunsa ido.

Da bakin wuƙa ya kwance wasu 'yan ƙusoshi biyu a gefe, ya ba ta ta riƙe, ya ce kada su faɗi a ƙasa don ba mai irinsu daga nan har Zinder. Ya zaro sandar a hankali. A ƙarshenta akwai wani ƙarfe mai haƙora kamar kan tumfafiya da aka sassaƙa, ya bi su ɗaya-ɗaya da babban yatsa, ya ce lafiyarsu lau, ba wanda ya karye. Ya zura ɗan yatsa cikin tagullar, inda sauran haƙoran suke. Ya tsaya. Ya sa bakin wuƙa ya ɓanɓaro wani abu, ya faɗo masa a tafi.

Ɗan guntu ne, bai kai ƙwayar wake ba, baƙi a waje, ciki fari-fari don bai soyu ba. Ya ce tsakuwa ce, masu gahawa ba sa tsoron Allah wajen awo. Zara'u ta ce tsakuwa ce, ya ba ta ta yar. Har ya miƙo, sai yatsansa ya bi ta kan wani ɗan tsagi da ke tsakiyar guntun. Ya mai da hannu. Ya jujjuya shi, ya sa a baki, ya taɓa da haƙori, ya fitar.

Kaji suna ta tono a tsakar gida, ƙusoshin nan biyu sun jiƙe da gumi a hannunta.

"Zara'u, ni ɗan garin dabino ne. Ko cikin barci anka sa mani wanga a hannu na san shi. Tun yaushe?"

Ƙofa ɗaya ta rage mata, wato ta ce masa Iliyasu ya daina aike, ta ɓoye ne don kada ransa ya ɓaci. Da ta faɗi haka da ya yarda, don hanya ta lalace kowa ya sani. Amma wannan ɗora wa mamaci laifi ne, mutumin da bai taɓa fashin shekara ba yana da rai. Ta kasa ɗora masa.

Ya ce, "Iliyasu ba shi mantawa da ni."

"Bai manta ba, Malam. Allah ya yi mashi rasuwa. Madugu ya hwaɗa mani kana kwance, shekarar ciwon idonka."

Sidi ya yi salati a hankali, ya maimaita. Bai ɗaga murya ba, ita kuwa da ya ɗaga da ya fi mata sauƙi. Ya tambaya ko an faɗi ciwon da ya kashe shi, ta ce ciwon ciki ne, bai daɗe yana jinya ba. Ya tambaya ko ya bar 'ya'ya maza da za su riƙe gidan, ta ce madugu ya ce biyu. Ya gyaɗa kai.

"Damina ukku ina roƙa ma wanda ke cikin kabari tsawon kwana, ban taɓa ce mashi Allah shi jiƙanshi ba. Ke kuwa kina cewa amin."

Kunya da baƙin ciki suka rufe ta har ta rasa inda za ta sa idonta, ko da yake ba ganinta yake ba. Ya karɓi ƙusoshin daga hannunta, ya goge man shanun da gefen rigarsa, ya mai da sanda, ya ɗaure, ya murɗa ɗan dunƙulen daidai yadda yake so. Ya juya hannun, ya zaga sumul ba ko ƙara. Ya ajiye shi a gefen buzu.

Ya ce ta aika a kira liman, ta shimfiɗa tabarmi a zaure, ta jiƙa gero a yi gumbar sadaka. Yau aka yi masa rasuwa, zai zauna karɓar gaisuwa kamar kowa.

Kafin la'asar zaure ya cika. Fatake, maƙwabta, har Namadi maƙeri da toka a gemu, kowa ya shigo ya ce ya haƙuri, a yi fatiha, ya matsa gefe. Zara'u tana tsakar gida tana dakan gumba, Barira tana taya ta, tana kuma tambaya ta gefen baki wane ne ya kawo labari, tunda rabon Tasawa da ayarin arewa an daɗe, balle da damina. Zara'u ta ci gaba da daka. Ta san tambayar nan tana zaure ita ma, kuma in Sidi ya faɗi abin da ya faru yadda ya faru, ta zama matar da ta ɓoye wa mijinta mutuwar ɗan'uwansa ta shayar da shi ƙwallon dabino, har ta mutu da wannan za a san ta.

Mijin Barira ne ya yi tambayar, bayan an shafa fatiha. Zara'u ta tsai da taɓarya, ta matsa jikin bangon zaure.

Ta ji Sidi ya ce, "Labari ya iso tun ina kwance ba ni san inda nike ba. Iyalina ta riƙe mani shi har sai da na iya ɗauka. Allah shi saka mata."

Liman ya ce amin, zaure ya amsa. Zara'u ta dafa bango ta yi kukan da ta riƙe damina uku, Barira tana ba ta haƙuri, tana cewa ashe haka take son ƙanen mijin nan da ba ta taɓa gani ba.

Ita kuwa Sidi bai ce mata uffan ba sai bayan sadakar uku.