Ranar da Gwaggo Torika ta ƙi tashi

Duk a kan alade ne fa. Aladen Sakiusa ya fasa shinge ya shiga gonar gwazar yayansa Vilikesa, ya yi mata kaca-kaca. Vilikesa kuwa, da zuciyarsa a kusa take, bai tsaya kai ƙara ba, ya soke aladen, ya gasa shi a rami, ya raba wa maƙwabta. Har gidan Sakiusa ya aika da cinya ɗaya. Wannan cinyar ce ta fi yi wa Sakiusa ciwo, tun daga ranar ko gaisuwa ba ta ƙara haɗa su ba.

Ni Unaisi taubashiyarsu ce, uwarsu Torika ƙanwar babana ce, saboda haka ina da bakin tsokanarsu. In na haɗu da Vilikesa na ce, "Sarkin fawa, yau aladen wa za mu ci?" Da can sai ya kore ni da gudu yana dariya. Bana ko murmushi babu.

A ƙauyenmu, kamar ko'ina a Fiji inda cocinmu take, Lahadin farko ta shekara ita ce ranar sabunta alkawari. Jama'a na miƙewa tsaye su sake ba da kansu ga Ubangiji. Amma dattawanmu sun ɗora nasu sharaɗin: mai gaba da ɗan'uwansa ba ya tashi. Shi ya sa ranar Asabar za ka ga mutane na ta zirga-zirga da saiwar yangona a hannu, wadda ake jiƙawa a sha wurin sulhu, ana neman gafara gida-gida.

Vilikesa ma ya ɗauko tasa. A ɗakin Gwaggo aka zauna, a kan sabuwar tabarmar da ta saƙa da hannunta. Wani dattijo ya yi magana a madadinsa, magana mai tsawo mai daɗi. Aka daka saiwar, aka jiƙa, aka tace, aka miƙa wa Sakiusa a ɓawon kwakwa. Wanda aka ɓata wa rai, in ya shanye tas, to ya yafe ke nan. Sakiusa ya karɓa, ya ɗan juya kafaɗa, ya ɗaga kai, ya mayar da ɓawon wayam. Maza suka tafa, Vilikesa ya fi kowa ƙarfin tafi.

Da suka watse na tsaya taya Gwaggo gyara. Na ɗaga gefen tabarmar inda Sakiusa ya zauna, sai ga ƙasa jiƙe sharkaf. Wayyo, ji na yi kamar ni na zubar. Na yi sauri zan mayar da ita, ashe Gwaggo ta riga ta sa tafin hannunta a wurin.

"Gwaggo, ƙila yara ne suka..."

"Naɗe tabarmar, Unaisi."

Gwaggo ta kwana biyu a duniya, ƙafafunta sun daina ɗaukarta, kuma tun damina take fama da ƙirji. Likita ya faɗa wa 'ya'yanta abin da ya faɗa, kowa ya sani, ba mai furtawa. Tun tana budurwa ba ta taɓa rasa wannan tsayuwar ta alkawari ba. Da ƙafa ta gaza, sai 'ya'yan nan biyu su tsallako ɓangaren mata, kowa ya kama hannu ɗaya, su riƙe ta a tsaye har a gama.

Da safe aka buga gangar itace, coci ta cika maƙil, kowa cikin fararen kaya. Ina zaune kusa da Gwaggo a kan tabarma. Fasto ya karanta inda Joshuwa ya tara Isra'ilawa ya sa su zaɓi wanda za su bauta wa, sannan ya ce a miƙe. Sai ga 'ya'yanta sun taho, ƙattai biyu da taye a wuya, suka durƙusa dama da hagu.

Gwaggo ta harɗe hannuwanta a ƙirji.

"Inna, kawo hannu," in ji Vilikesa a hankali.

"A'a."

"Jikin ne?"

"Jikin yana nan yadda kuka san shi. Sakiusa, tabarmata ce ta yafe wa yayanka, ko kai?"

Ba ta ɗaga murya ba, amma ba wanda bai ji ba. Sakiusa ya sunkuyar da kai, gumi na ɗiga daga haɓarsa. Matarsa da ke tsaye a bayanmu ta rufe fuska da mafici. Ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige.

Na ɗauka Vilikesa zai zabura ya shaƙe ƙanensa. Ina! Shi ma kansa ƙasa.

"Na gan shi, Inna," ya ce. "Na ga lokacin da ya zubar."

"Ka gani, kuma ka tafa."

"Na ce a wuce wurin kawai, don mu samu mu tashe ki."

"Ku tashe ni? Ni buhun rogo ce? Ku biyu ku kama ni ku tsayar a gaban Ubangiji, in ce masa ni da gidana nasa ne, alhali na san abin da ke gidan?"

Fasto ya jira, ya sake jira. Ya dubi Gwaggo, ta kaɗa masa kai alamar ya ci gaba. Sai ya fara karanta alkawarin, jama'a na maimaitawa. Ni dai bakina kawai ke motsi. Su biyun suna nan durƙushe a tsakiyar mata, ba su tashi ba, ba su kuma iya komawa wurinsu ba. Gwaggo, wadda ta haddace kalmomin nan tun kafin a haifi faston, ta danne leɓɓanta gam, hawaye na bin kumatunta.

Da aka ce amin, na ji tana magana ƙasa-ƙasa, ba da mu ba.

"Ka yi haƙuri da ni bana. In ka bar ni, sai baɗi."

Tari ya sarƙe ta, ya daɗe bai sake ta ba. Sakiusa ya kifa goshinsa a kan ƙafarta ya fashe da kuka kamar yaro. Ba ta ture shi ba, ba ta kuma dafa kansa ba.