Waƙar Tatsar Wule

Duk watan Disamba ina da wata al'ada a shagona. Nakan samo kwali da alƙalamin maka, in rubuta abubuwan da suka fi burge ni a shekarar, in liƙa a bakin ƙofa: na'ura guda, manhaja guda, waƙoƙi goma. Ba wanda ya sa ni. Shagon ma ɗan tsut ne, a layin masu waya cikin kasuwar Kafanchan, aikina kuwa loda waƙoƙi da finafinai a memori, sai sayar da caja da sifika. Sunana Faustina, amma rabin kasuwa Madam Loda suke ce mini. Na yi faɗa a kan sunan nan har na gaji na bari.

Bana ban sha wahalar zaɓen na'ura ba. Wata ƙaramar sifika ce mai cajin rana, girmanta bai wuce sabulun wanki ba, ka ajiye ta a kan rufi da hantsi ta yi maka waƙa har yamma. Manhajar kuwa wadda take dawo da abin da aka goge ce. Da ita na ceto hotunan auren wata malamar makaranta, matar ta yi kuka, washegari ta aiko mini da kwanon citta. Tun daga ranar kaina ya fara girma, gaskiya. Waƙoƙin goma na haɗa su da wasu ɗari uku a wuri guda, na coci da na biki da na Fulani, na sa musu suna Zaɓin Shekara. Gurbin waƙa mai lamba ɗaya ne kawai na bari ba rubutu a kwalin, don waƙoƙi biyu suna ta kokawa a raina.

Ga yadda muke aiki a layinmu. In aka kawo memori ya cika, ko yana nauyi, sai mu yi masa fomatin, wato mu share shi tas, sannan mu zuba sabo. Ya fi sauri, kuma ba ya kwaso wa kwamfuta ciwo. Ƙa'ida ita ce ka tambayi mai shi tukuna. Ni da bakina na sha yi wa Leonard, mai gyaran waya da ke jikin shagona, faɗa a kan rashin tambaya.

Nabila mai nono ta zo ranar Laraba, saura kwana huɗu Kirsimeti. Na san ta, shekara uku tana kawo mini kindirmo daga rugarsu da ke hanyar Kagoro, kuma tana cikin mutanen farko da suka sayi sifikar nan a wurina. Mace ce mai ƙarancin magana, in ta ce maka kalma biyar to ranar kun yi hira. Ta sauke ƙwaryarta, ta kwance bakin zane ta fito da memori a naɗe cikin leda, ta ce in ƙara mata waƙoƙi, za su yi suna a gidan yayarta. Mutane sun cika mini ƙofa, kowa yana miƙo hannu, wani yana so a sa masa waƙoƙin zumuntar coci, wata tana cewa motar Kauru za ta tashi ta bar ta. Na soka memorin Nabila, na ga ya cika, yatsana ya yi abin da ya saba. Na zuba mata Zaɓin Shekara gaba ɗaya, har ina yi mata alfahari cewa ta samu na bana da zafinsa.

Ranar Juma'a da safe, ina buɗe shago, sai ga ta tsaye ba ƙwarya a kanta. Ta gaishe ni kamar kullum, ta tambayi gida, ta tambayi aiki, sannan ta miƙo memorin da hannu biyu.

“Anti, muryar Goggo ba ta ciki.”

Na ce wace Goggo? A hankali, tana kallon ƙasa, ta ba ni labari. Goggo surukarta ce, uwar mijinta, ta rasu farkon damina. Suna da wata saniya, Wule, wadda tun haihuwarta ta fari Goggo ce kaɗai ke tatsarta, kuma da waƙa take tatsa. In ba ta ji waƙar ba, ko an saki ɗan maraƙi ya fara tsotsa, da an janye shi sai ta ɗauke nononta. Da ciwo ya fara cin Goggo, Nabila ta ɗauki waƙar a wayarta wata safiya, tsohuwar ba ta ma sani ba. Abin da ya sa ta sayi sifikar ke nan. Wata bakwai tana ajiye ta a gindin turke tana kunnawa, Wule tana ba da nono. Yau kwana biyu ke nan ba ta samu abin rufe gindin ƙwarya ba, ga rani, sauran shanun duk sun ja baya.

Ba ta ɗaga murya ba, ba ta ce na cuce ta ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi, don na iya amsa zagi. Na tambaye ta ko ta taɓa tura wa wani. Ta ce a'a. Ko akwai hoton Goggo? Babu, tsohuwar ba ta yarda da hoto ba. Muryar nan ce kaɗai abin da ya rage.

Kunya ta kama ni, irin wadda ban taɓa ji ba a sana'ar nan. Amma bakina bai mutu ba, na ce ta kwantar da hankalinta, ina da manhajar da take dawo da komai. Na kori masu jira, na ce su dawo gobe, wanda ba zai iya ba ga shaguna nan birjik. Na soka memorin, na kunna manhajar tawa ta shekara. Ta yi ta lissafi har rana ta take. Ta fito da hoton wani bijimi, rabinsa toka-toka. Ta fito da wani abu na daƙiƙa huɗu, muka kunna, sai shuuu kamar rediyon da ya ɓata tasha.

Leonard ya leƙo, ya duba, ya tambaye ni abin da na zuba a kai bayan sharewar. Na ce waƙa ɗari uku da goma. Ya cire tabarau ya ce to shi ke nan, abin da aka goge yana dawowa ne in ba a rubuta wani a kansa ba, ni kuwa na cika memorin har wuya. Na sani. Tun kafin ya faɗa na sani, so nake kawai wani ya ƙaryata ni. Bai ko tuna mini faɗan da nake yi masa ba, wannan ma ya ƙara mini zafi.

Na juya na gaya wa Nabila gaskiya: muryar ta tafi, ni na share ta, kuma ban tambaya ba. Ta naɗe memorin a ledarsa, ta ce Allah ya ƙaddara. Na ce Allah bai danna komai ba, yatsana ne.

Sai wata dabara ta zo mini. Shekara goma sha biyu ina cikin mawaƙan cocinmu, in na ji waƙa sau biyu na riƙe ta. Na ce ai ita ta ji waƙar nan sau ɗari huɗu, ta rera mini, in koya, in ɗauka da muryar tsofaffi, mu gwada wa saniyar. Ta kalle ni kamar za ta yi dariya, ta ce Wule ba wawiya ba ce. Na ce to ita me ya hana ta rerawa da kanta? Ta ce ba za ta iya ba. Na ce muryar ce babu? Ta ce ba murya ba ce. Na ce gobe ina zuwa rugar, ko ta so ko ba ta so ba.

Asabar, jajibirin Kirsimeti, ranar da ta fi kowace ciniki a shekara, na bar shago a kulle na hau mashin. Na iske su rana ta ɗan ɗaga. Mijin Nabila ya tarbe ni, dogo, siriri, ya shimfiɗa mini tabarma, ya yi mini sannu da zuwa kamar ba ni ce na yi ɓarnar ba. Na ba shi haƙuri, ya ce ba komai. Ya nuna mini Wule, baƙa mai farin goshi, tana tsaye tana kallona kamar an gaya mata ko ni wace ce.

Aka saki maraƙin ya tsotsa, aka janye shi aka ɗaure kusa da ita. Nabila ta ɗaure ƙafafun baya, ta tsuguna, ta sa ƙwarya tsakanin gwiwoyinta. Ta ja, ta ja. Ɗigo uku. Ni kuma, da ƙarfin hali irin nawa, na kunna wata waƙar Fulani mai sanyi daga cikin Zaɓin Shekara. Wule ta kaɗa kunne ta juya mini baya. Mijin ya sunkuyar da kai, na tabbata dariya yake ɓoyewa. Na kashe abata na zauna.

Mun daɗe a haka. Maraƙin yana kuka, ƙudaje suna damun kowa. Can sai Nabila ta jingina goshinta a cikin saniyar, ta fara wani abu ƙasa-ƙasa, da ƙyar nake ji. Fulatanci ne, ban san ko kalma ɗaya ba, amma na san waƙa in na ji ta. Layi huɗu ne suke zagayowa, muryar tana hawa a na uku ta sauko a na huɗu. Sai dai a tsakiyar layi na uku takan yi shiru, kamar bugu biyu, sannan ta ci gaba. Ta zagayo, ta sake yin shiru a daidai wurin. Na ɗauka kuka ne yake tare ta. A zagaye na uku na gane ba kuka ba ne, tsallake wani abu take yi.

Na matsa kusa da mijin na tambaye shi a hankali ko ta manta kalmar wurin ne. Bai kalle ni ba, idonsa yana kan saniyar.

“Ba ta manta ba. Sunana ne a wurin.”

Ya ce sunansa Salihu. Ranar da aka raɗa masa suna aka ba shi kakar Wule, don haka a waƙar uwarsa takan kira saniyar da sunan mai ita. Shi ne auta, shi ya sa uwar take faɗin sunansa ba kunya. Matarsa kuwa, shekara tara da aure, ba ta taɓa furta shi ba, kuma ba za ta fara a gaban shanu da mutane ba. Sai a lokacin na tuna ban taɓa jin ta ce komai ba sai “shi” ko “mai gidan”. Ya ƙara da cewa shi bai taɓa tsayawa wurin tatsa ba tun rasuwar, in an kunna sifikar yakan yi nisa, don ba ya iya jin uwarsa tana kiransa.

Ban san zagaye na nawa ba ne. Na dai ji sautin ya canza, daga ɗigo zuwa tsiririn nan mai ƙarfi da yake bugun gindin ƙwarya. Wule ta sauke kai ta fara tuƙa. Nabila ba ta ɗago ba, ba ta daina waƙar ba, hannayenta suna aiki, kumfa yana tasowa. Duk lokacin da ta iso wurin sunan ta yi shiru, sai ka ji nonon kaɗai yana zuba. Salihu ya tashi ya tafi wajen sauran shanun, ya daɗe yana gyara igiyar da ba abin da ya same ta.

Ni dai hawaye nake yi, ba na ɓoyewa. Na yi murna, kuma murnar ba ta wanke ni ba, don muryar tsohuwar ta tafi kuma ba mai dawo da ita.

Da ta gama ta zuba mini a ƙaramin koko, da ɗuminsa. Na roƙe ta, wannan karon da tambaya, ko za ta bari in ɗauki waƙar gobe in ta sake rerawa. Ta ce gobe ai sallarmu ce. Na ce to jibi. Ta yi tunani, ta ce in ɗauka, amma kada in loda wa kowa. Na yi alkawari. Ran Litinin na koma na ɗauka, na ajiye a wuri uku, na ba ta memori sabo. Ta karɓa ta ce ita ba ta bukatarsa yanzu, amma za ta ajiye wa 'yarta.

Kafin shekara ta ƙare na cike lamba ɗaya a kwalina. Na rubuta: Waƙar tatsar Wule, ba ta sayarwa ba ce. Mutane suna ta tambaya wane mawaƙi ne, ina ce musu ba su san shi ba. A ƙasan kwalin kuma na ƙara layi da manyan baƙaƙe, cewa duk wanda ya kawo memori ya faɗi abin da ke ciki kafin in taɓa.

Ranar talatin ga wata kasuwa ta yi sanyi, na sa waƙar a sifikata ƙasa-ƙasa ina share kanta. Leonard ya tsaya a bakin ƙofa da sukudireba a hannu, ya saurara har zagaye biyu. Ya ce waƙar da daɗi, amma ɗaukar ta lalace, akwai inda take yankewa, in ba shi ya gyara mini.

Na ce ya bar ta, ba abin da ya yanke. Akwai mutum a wurin.